Lissafi Ya Ce 13, Awo Ya Ce 3.4: Amsoshi Kan Taurin Polima Mai Siraran Bututun Kabon

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato yadda ake hasashen taurin polima, dangin roba da leda da gam, bayan an cuɗa ta da siraran bututun kabon waɗanda kaurinsu bai wuce 'yan nanomita ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Tun da Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana waɗannan bututu a 1991, aka kuma gano cewa taurinsu ya ninka na ƙarfe kusan sau biyar, masu bincike ke fatan ɗan kaɗan daga cikinsu zai mai da roba mara nauyi abin dogaro a manyan ƙere-ƙere. Taurin da ake magana a kai shi ne ƙin miƙuwa idan an ja abu, ana auna shi da ma'aunin Young, a rubuta shi da gigafaskal, wato GPa a taƙaice. Ƙarfe irin na gini yana da kimanin GPa 200, epoksi, wato wani gam mai daskarewa ya yi tauri, yana da kimanin 3, lafiyayyen bututun kabon kuwa yana kusa da 1000.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai neman digiri na biyu a fannin injiniyan kayan ƙere-ƙere. Na zuba bututun kabon masu bango da yawa, kashi 1 cikin 100 na nauyi, a cikin epoksi mai taurin GPa 3. Da na yi lissafi da ƙa'idar gauraya, na ɗauki taurin bututun a matsayin GPa 1000, sai na sami kusan GPa 13, amma injin ja ya ba ni 3.4 kacal. Shin lissafin ne ba daidai ba, ko kuwa aikina ne ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, aikinka bai lalace ba, kuma ba ka yi kuskuren tarawa ko ninkawa ba. Abin da ya faru shi ne ka yi wa wani haɗi lissafi, sannan ka auna wani haɗin daban. Ƙa'idar da ka yi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin Woldemar Voigt na 1889, kuma tana ɗaukar cewa kowane bututu a miƙe yake sambal, ya ratsa kayan daga wannan baki zuwa wancan, yana fuskantar inda ake ja, ya kuma manne da polima har ba ya gocewa ko kaɗan. Idan duk wannan ya tabbata, sai ka ninka 1000 da 0.01 ka sami 10, ka ƙara 2.97 na epoksi, ka tashi da 12.97. Wannan adadi shi ne iyakar sama, wadda ba a ƙetare ta. Akwai kuma iyakar ƙasa ta Reuss, ta 1929, wadda da alƙalumanka za ta ba ka 3.03. Kowane haɗi na gaskiya yana wani wuri tsakanin waɗannan biyu, kuma dukan aikin masu hasashe shi ne gano wurin da dalilinsa.

Gyara na farko ya shafi sikelinka. Ka auna bututun da nauyi, alhali lissafin yana buƙatar kason wurin da suka cika a cikin haɗin. Bututu masu bango da yawa sukan kai kusan giram 2 a kowane kubik santimita, epoksi kuwa kimanin giram 1.2, saboda haka kashi 1 cikin 100 na nauyi yana komawa kimanin kashi 0.6 cikin 100 na wuri. Da wannan kaɗai gudummawar bututun ta sauko daga 10 zuwa 6.

Gyara na biyu ya fi wannan girma, shi ne alƙiblar bututun. Wanda ya motsa bututu a cikin epoksi mai ruwa-ruwa ya zuba a mazubi bai jera su ba, sun bazu ne ta kowace fuska, kuma bututun da ya gitta hanyar ja ba ya ɗaukar wani kaya na a zo a gani. Krenchel na ƙasar Denmak ya lissafa wannan ragi a 1964: idan zaruruwa sun jeru da hanyar ja ana ninka gudummawarsu da 1, idan sun bazu a kwance a cikin siririn shimfiɗi ana ninkawa da 3 bisa 8, idan kuwa sun bazu ta ko'ina a cikin kauri ana ninkawa da 1 bisa 5. Naka na ƙarshen ne, don haka 6 ta koma 1.2, hasashen gaba ɗaya ya koma kusan GPa 4.2. Ka ga tun ba mu taɓa wani abu mai zurfi ba, tazarar da ta tayar maka da hankali ta kusa rufewa.

Saura abin da ke tsakanin 4.2 da 3.4, kuma a nan ne batun ya fi ɗaukar hankali. Bututu gajere ba ya karɓar kaya kai tsaye daga injin, polimar da ke kewaye da shi ce take miƙa masa ta jikin bangonsa sannu a hankali, ta yadda bakunansa biyu kusan ba sa ɗauke da komai, sai can wajen tsakiya jan yake cika. H. L. Cox ne ya tsara lissafin wannan a 1952, lokacin da yake nazarin takarda da sauran kayan da aka yi da zaruruwa. Abin da ke yanke hukunci shi ne sau nawa tsawon bututu ya ninka kaurinsa. Mai sayarwa zai rubuta maka tsawon da bututun ke da shi a cikin kwalba, amma girgizar sauti mai ƙarfi da ake amfani da ita wajen warware su a cikin ruwa tana kakkarya su, har ka tarar wanda ya shiga da tsawon maikromita 10 ya fito bai kai ɗaya ba (maikromita ɗaya nanomita dubu ne). Tsawon bayan sarrafawa ne ya kamata ya shiga lissafi.

Sannan akwai lanƙwasa. Duk wanda ya leƙa hoton irin wannan haɗi a na'urar hange mai amfani da elektron ya san bututun ba sa tsayawa a miƙe, suna murɗewa suna nannaɗewa saboda sirantarsu. Lanƙwasasshen bututu kamar igiya ce mai sako-sako, wadda sai ta gama miƙewa kafin ta fara riƙe kaya, ga shi kuma a awon tauri miƙuwar da ake yi ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Fisher da Bradshaw da Brinson a Amurka sun nuna a ayyukansu na 2002 da 2003 cewa 'yar lanƙwasa kaɗan tana zubar da babban kaso na taimakon da bututu zai bayar.

Abu na ƙarshe shi ne adadin 1000 kansa, wanda ban yarda a ɗauke shi ido rufe ba. A bututu mai bango da yawa, bangon waje ne kaɗai ke taɓa polima, na ciki kuwa suna riƙe da juna ne da rarraunan ƙarfin jan juna da ake kira van der Waals, don haka suna iya zamewa a cikin juna. Yu da abokan aikinsa, a ɗakin binciken Ruoff, sun ja irin waɗannan bututu ɗaya bayan ɗaya a cikin na'urar hange a shekarar 2000, suka ga bangon waje ne ke tsinkewa, na cikin su zare daga cikinsa. Tun a 1998 Schadler da Giannaris da Ajayan sun lura cewa epoksi mai irin waɗannan bututu ya fi tauri idan an matse shi fiye da idan an ja shi, suka danganta hakan da wannan zamewa. Thostenson da Chou sun shigar da batun cikin lissafi a 2003, inda suka ce idan bangon waje kaɗai ke aiki, taurin da za a yi amfani da shi shi ne kaurin bango sau huɗu, a raba da faɗin bututun, a ninka da 1000. Da bango mai nanomita 0.34 da bututu mai faɗin nanomita 10, amsar ita ce GPa 136. Idan faɗin ya kai nanomita 20 sai ta koma 68, wato ƙasa kaɗan da zaren gilashi da aka daɗe ana ƙarfafa roba da shi. Ƙari a kan haka, yadda aka ƙera bututun yana da tasiri ƙwarai: Salvetat da abokansa a Lausanne ta Suwizalan sun auna a 1999 cewa waɗanda aka yi da tartsatsin lantarki suna kaiwa ɗaruruwan GPa, amma waɗanda aka tsirar daga iskar gas a kan sinadarin zuga, masu yawan tabo a bango, sun tsaya tsakanin 10 da 50. Mafi yawan waɗanda ake samu da yawa a yau da hanyar gas ɗin ake yin su, ko da yake ingancinsu ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta.

Yanzu ka juya lissafin ta baya. Idan ka cire 2.98 na epoksi daga 3.4, ka raba saura da 0.006 da kuma 0.2, za ka ga bututunka sun yi aiki tamkar taurinsu kimanin GPa 350 ne. Wannan sakamako ne mai kyau, wanda ya fi abin da bangon waje kaɗai zai bayar. Don kwatanci, Qian da abokansa na Jami'ar Kentucky, a aikinsu na shekarar 2000 da ake yawan ambata, sun sami ƙarin kashi 36 zuwa 42 cikin 100 daga kashi 1 na nauyi a cikin polistirin, wata irin roba, kuma ana lissafa nasu cikin waɗanda suka yi nasara. Shawarata ita ce ka rubuta wannan adadi na 350 a kundinka, ka bi dalilan da suka rage shi ɗaya bayan ɗaya da hotuna da awo.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da darasin injiniya, kuma ɗalibaina kan tambaye ni wane tsarin lissafi ya fi dacewa tsakanin Halpin-Tsai da Mori-Tanaka da kwaikwayon kwamfuta. Wanne zan ce su kama?

AMSA: Malama, ki ce musu su fara duba abin da suka sani game da kayansu, domin shi ne zai zaɓa musu tsari. Kowane tsari yana da abubuwan da yake buƙatar a ciyar da shi, kuma wanda ya fi zurfi ya fi yawan buƙata.

Lissafin Halpin da Tsai, wanda suka fitar a ƙarshen shekarun 1960 a Amurka, shi ne mafi sauƙi, ɗalibi zai iya gama shi da alƙalami da takarda. Yana buƙatar taurin bututu, taurin polima, kason wuri, da wani adadin siffa wanda ake ɗauka a matsayin ninkin tsawo bisa kauri sau biyu. Amfaninsa a aji shi ne yana nuna tasirin tsawo ƙarara. Ki ba su bututu masu GPa 1000 a jere cikin epoksi mai GPa 3, kashi 1 cikin 100 na wuri: idan tsawo ya ninka kauri sau 1000 za su sami kimanin 11.6, idan sau 100 ne za su sami 6.8, idan sau 50 ne 5.3. Akwai wani kuskure da nake yawan gani a rubuce-rubuce, inda ake haɗa taurin tsaye da na gicciye da 3 bisa 8 da 5 bisa 8 ga kowane irin samfuri, alhali wannan rabo na zaruruwan da suka bazu a kwance ne cikin siririn shimfiɗi. Ga samfuri mai kauri, rabon ya fi kusa da 1 bisa 5 da 4 bisa 5, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

Tsarin Mori da Tanaka na 1973 ya fi ƙarfin tushe. An gina shi a kan amsar da J. D. Eshelby ya fitar a Ingila a 1957, game da yadda ja ke rarrabuwa a cikin wani ɗan dunƙule mai siffar ƙwai da ke binne a cikin wani jiki mai faɗi. Ana ɗaukar bututu a matsayin irin wannan dunƙule da aka ja shi ya yi tsawo ƙwarai, sannan a lissafa tasirin maƙwabta ta hanyar matsakaicin jan da ke cikin polima. Fa'idarsa ita ce yana ba da taurin kowace fuska, har da na murɗawa, kuma yana karɓar kowane irin rabon alƙibla da aka auna. Amma yana buƙatar adadi biyar don bayyana bututun kaɗai, tun da bututu yana da tauri ta tsawonsa amma yana da laushi idan an matsa shi ta gefe. Shi ma a asalinsa yana ɗaukar bututu miƙaƙƙu, a rarrabe, a manne. Shi ya sa wani masani mai suna Shi da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi a 2004 don ya ƙunshi lanƙwasa da dunƙulewa, inda suka raba haɗin gida biyu, yankuna masu cunkoson bututu da yankuna masu ƙarancinsu.

Kwaikwayon kwamfuta iri biyu ne. Na farko yana bin motsin kowane atom, da manhajoji irin su LAMMPS, kuma shi ne kaɗai ke iya faɗa mana abin da ke faruwa a inda sarƙar polima ta haɗu da bangon kabon. Iyakarsa ita ce ƙanƙantar wuri da ta lokaci, domin kowane taku nasa kimanin femtosakan ɗaya ne, har sai an yi taku miliyan kafin a cika nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, saboda haka ana jan samfurin da saurin da ya zarce na ɗakin gwaji nesa ba kusa ba, ita kuwa polima taurinta yana canzawa da saurin ja. Na biyu yana rarraba jiki gutsi-gutsi ya lissafa kowane gutsure, da manhajoji irin su Abaqus da ANSYS. Li da Chou na Jami'ar Delaware sun haɗa hanyoyin biyu a 2003 ta hanyar ɗaukar kowane haɗin kabon da kabon, mai tsawon nanomita 0.142, a matsayin ƙaramar sanda mai lanƙwasuwa, Odegard da abokansa a cibiyar NASA ta Langley kuma suka ɗauki bututu tare da polimar da ke manne da shi a matsayin zare guda, suka fitar da taurinsa daga lissafin atom, sannan suka miƙa shi ga lissafin Mori-Tanaka.

Abin da nake so ki ja kunnen ɗalibai a kai shi ne wannan: idan suka zana bututu guda miƙaƙƙe a tsakiyar silinda ta polima, suka manne su, suka bar kwamfuta ta kwana tana aiki, amsar da za ta fito ba za ta bambanta da ƙa'idar gauraya ba, domin zato ɗaya aka ba su. Haka kuma idan tsari yana da adadi uku ko huɗu da ba a auna ba, kamar kaurin shiyyar da polima ta haɗu da bututu da taurinta da yawan dunƙulewa, aka yi ta jujjuya su har layin lissafi ya hau kan ɗigon awo, to an daidaita ne kawai, ba a yi hasashe ba. Gwajin gaskiya shi ne a tsayar da waɗannan adadi daga samfuri ɗaya, sannan a faɗi abin da wani samfurin da ba a auna ba tukuna zai bayar. A ganina ɗalibin da ya yi Halpin-Tsai da tsawon da ya auna da kansa daga ɗaruruwan bututu a hoto ya fi kusa da gaskiya fiye da wanda ya yi babban kwaikwayo da alƙaluman takardar mai sayarwa.

TAMBAYA: Na karanta a wani wuri cewa taurin bututun kabon GPa 1000 ne, a wani wurin kuma na ga 5500. Ta yaya masana za su saɓa har haka?

AMSA: Saɓanin ba a kan bututun yake ba, a kan kaurin bangonsa ne. Ma'aunin Young ana samunsa ne idan an raba ƙarfin ja da faɗin fuskar da ke ɗauke da shi, kuma bangon bututu mai bango ɗaya atom guda ne kaurinsa, wanda ba shi da gefe takamaimai da za a ɗora ma'auni a kai. Mafi yawan masana suna ɗaukar nanomita 0.34, wato tazarar da ke tsakanin shimfiɗun girafait, kabon irin na bakin fensir, su sami kusan 1000. Yakobson da abokansa a 1996 sun so lissafinsu ya dace da miƙuwa da lanƙwasuwa a lokaci guda, sai ya ba su kauri na nanomita 0.066 da tauri na 5500. Idan ka ninka kowane tauri da kaurinsa za ka ga amsoshin biyu suna kusa da juna, 340 da 363, kuma wannan ninki shi ne abin da za a iya aunawa a zahiri.

Ga mai hasashen haɗi, abin kiyayewa shi ne kada ya ɗauki tauri daga wata makaranta ya ɗauki faɗin fuska daga wata. Idan ya lissafa kason wuri da dukan faɗin bututun har da ramin cikinsa, dole ne ya rage taurin daidai da haka. Awon farko-farko ma sun bazu sosai, domin Treacy da Ebbesen da Gibson sun sami matsakaicin 1800 a 1996 daga kallon yadda zafi ke kaɗa bututun, Wong da Sheehan da Lieber na Harvard kuma suka sami kimanin 1280 a 1997 ta hanyar lanƙwasa su da tsinin na'ura.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaci ne a ɗakin gwajin kayan roba. Mun lura cewa tauri yana hawa idan muka ƙara bututu kaɗan, amma da mun wuce wani mataki sai ya tsaya ko ya sauko, alhali lissafi yana nuna ci gaba da hawa. Wani ya ba mu shawarar mu wanke bututun da asid don su fi mannewa. Me kake gani?

AMSA: Abin da kuka gani, Malam, sananne ne, kuma yana da dalili na siffa wanda bai dogara da ƙwarewar mai motsawa ba. Philipse na Utrecht a ƙasar Holan ya nuna a 1996 cewa idan aka zuba miƙaƙƙun sanduna masu tsawo ba tare da jeri ba, sukan cushe da zarar kason wurinsu, an ninka shi da tsawo bisa kauri, ya kai kimanin 5.4. Ma'ana, sanduna masu tsawon da ya ninka kaurinsu sau 500 ba za su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na wuri ba suna miƙe kuma a baje. Daga nan dole ɗaya cikin uku ta faru: su lanƙwashe, su jeru, ko su dunƙule. Lissafin da ke ci gaba da hawa yana bayyana haɗin da ba zai yiwu a yi shi ba.

Dunƙulewa ita ce ta fi yawa, saboda faɗin jikin bututun ya wuce misali. Na masu bango ɗaya, a lissafi, ya kai murabba'in mita 1315 a kowane giram, kuma duk wannan fuska tana jan 'yar'uwarta. Dunƙulen da polima ba ta ratsa cikinsa ba yana aiki kamar ƙaramin ƙullutu mai laushi, wani lokaci ma kamar rami. Ga shi kuma yawan bututu yana sa epoksi ya yi kauri tun yana ruwa, kumfar iska ta kasa fita, ta daskare a ciki.

Wankin asid, wanda galibi ake yi da haɗin naitirik da salfurik, yana dasa ƙungiyoyin sinadari a bango waɗanda ke taimaka wa bututu rabuwa da juna da kuma kama polima. Sai dai kowane wurin da aka dasa tabo ne a jikin saƙar kabon, kuma asid yana yanke bututu yana gajarta su. Ga tauri, wanda ake aunawa a ƙaramar miƙuwa tun mannewar ba ta fara ɓallewa ba, ribar wankin ta fi zuwa ta hanyar kyautata rarrabuwa. Ga ƙarfin jure tsinkewa kuwa, mannewar kanta ce ke da babban tasiri. Saboda haka ku yi wankin da sauƙi, ku auna tsawo kafinsa da bayansa, ku shigar da sabon tsawon cikin lissafi.

Akwai kuma abin da tsofaffin tsare-tsare ba su san da shi ba, wato polimar da ke dab da bango, wadda sarƙoƙinta ke taƙure ko su jeru har halinta ya bambanta da na sauran. A zaren kabon na yau da kullum mai faɗin maikromita 7, ɓawo mai kaurin nanomita 5 bai kai kashi 1 cikin 100 na zaren ba, don haka ana iya mantawa da shi. A bututu mai faɗin nanomita 10, wannan ɓawo ya ninka bututun kansa sau uku, a mai faɗin nanomita 1 kuwa sau 120. A polima masu iya yin lu'ulu'u a jikinsu, irin su polibinil alkohol, Coleman da abokan aikinsa a Dublin sun nuna cewa wani babban kaso na ƙarin taurin daga wannan ɓawo yake fitowa. A epoksi kuma lamarin na iya juyawa, domin bututun ko ruwan narkarwa da ya rage yana iya hana shi daskarewa yadda ya kamata, a sami uwar haɗi da ta fi ta asali laushi.

Don haka samfurin da za ku kwatanta da shi, wanda babu bututu a cikinsa, ya bi duk matakan da sauran suka bi, da ruwan narkarwa da girgiza da zafi iri ɗaya, in ba haka ba adadin 3 da kuke sa wa a lissafi ba na kayanku ba ne. Ku ɗora ma'aunin miƙuwa a jikin samfurin kansa, kada ku dogara da tafiyar hannun injin, domin injin ma yana ɗan miƙuwa, kuma wannan ya isa ya haɗiye bambancin kashi 10 cikin 100 da kuke nema. Ƙa'idar gwajin jan roba ta ASTM D638 ta nemi aƙalla samfuri biyar a kowane rukuni, kuma a irin wannan haɗi da dunƙule guda zai iya karkatar da sakamako, ina ganin ya kamata ku wuce biyar, ku kuma fasa kowane samfuri bayan gwaji ku duba fuskar karayar a na'urar hange kafin ku yanke hukunci kan matakin da taurin ya fara saukowa.